Wa Ya Cancanci Hawa Borobudur?

Duk wanda ya je Borobudur, wani tsohon ginin ibadar addinin Buda a ƙasar Indonesiya, a yau da niyyar hawa, abu na farko da za a raba shi da shi takalminsa ne. Kafin a isa gindin ginin akwai rumfar da ake miƙa wa kowa wasu fade masu laushin ƙasa, an saƙa samansu da busasshen ganyen pandan, an sa musu ɗan maɓalli na ɓawon kwakwa da ake saƙalawa tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Upanat ake ce musu. A ba ka 'yar jaka ka zuba naka takalman ka rataya, a haɗa ka da ɗan jagora da wasu baƙi 'yan uwanka, a faɗa muku ƙarfe nawa za ku hau. Lokacinku na cika sai a ce ku sauko, akwai masu jira.

Da ba haka ake yi ba. Kafin annobar korona mutum kusan miliyan 4 ke zuwa wurin a shekara, kuma duk wanda ya yanki tikiti ƙafarsa ce kawai za ta hana shi kai wa ƙoli. A ranakun hutun ƙaramar Salla, lokacin da mutanen Indonesiya ke komawa garuruwansu, dubun-dubata ne ke cika matakalar a yini ɗaya. Annoba ta zo aka rufe, da aka sake buɗe hawa a 2023 sai aka yanka adadi: mutum 1,200 a rana. Tun da aka fara maganar ƙayyadewar ake ta jayayya a kan wa zai shiga cikin adadin, kuma wa ke da ikon zaɓa. Jayayyar ta fi ƙarfin batun tikiti, amma ba za a gane dalili ba sai an san irin ginin da ake magana a kansa.

Borobudur yana yankin Magelang a tsakiyar tsibirin Jawa, wajen kilomita 40 daga birnin Yogyakarta, a wani kwari mai albarkar noma da duwatsu masu aman wuta suka kewaye, cikinsu har da Merapi da Merbabu. An gina shi tsakanin ƙarni na 8 da na 9, zamanin sarakunan gidan Sailendra, kuma shi ne ginin ibadar addinin Buda mafi girma a duniya. Kowane gefe na gindinsa mita 123 ne, tsayinsa kuma kimanin mita 35. Duwatsu kusan miliyan 2 aka fafe aka jera, ba siminti ba laka, kowanne ya saƙale ɗan uwansa. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ba shi da ɗaki. Ba ƙofar da za ka buɗe ka shiga, ba zauren da za a taru. Tudu aka samu aka lulluɓe shi da dutse hawa-hawa har tara: shida na ƙasa masu kusurwa huɗu, uku na sama zagayayyu, sannan babbar ƙubba a tsakiya wadda ita ma a toshe take.

To ginin da ba a shiga, yaya ake ibada a cikinsa? Da tafiya. Mai ziyara yana farawa ta ƙofar gabas, ya juya hagu, ya riƙa zagayawa ginin yana hannun damansa. Musulmin da ya yi ɗawafi zai lura nan take cewa akasin yadda muke yi ne, tunda mu Ka'aba a hagunmu take. Mabiya Buda pradaksina suke kiran wannan zagaye. A hawan ƙasa mutum yana tafiya ne a cikin wani siririn lungu marar rufi, bango a dama bango a hagu, duka an cika su da zanen da aka sassaƙa a jikin dutse. Allunan zanen 2,672 ne, 1,460 daga cikinsu labari suke bayarwa. Akwai jerin alluna 120 na rayuwar Siddhartha Gautama, wato Buda, tun kafin haihuwarsa har wa'azinsa na farko. Lungunan da ke sama da wannan kuma sun ƙunshi dogon labarin wani saurayi, Sudhana, da ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya yana neman sani, daga mai zuhudu zuwa ɗan kasuwa zuwa matuƙin jirgin ruwa. Wanda ya bi kowane lungu yadda aka tsara zai taka wajen kilomita 5 kafin ya kai sama.

A cikin lungunan nan ba ka ganin komai sai bango da sararin sama. Sai ka haye matakalar ƙarshe, bangayen su ɓace gaba ɗaya. Ba zane ko ɗaya. Ƙananan ƙubbobi 72 ne masu siffar ƙararrawa, an huda jikinsu kamar raga, a cikin kowacce akwai mutum-mutumin Buda a zaune. Daga nan ake hango gonakin shinkafa da itatuwan kwakwa da tsaunukan Menoreh. Masana da yawa suna fassara wannan da cewa ginin yana kwaikwayon tafiyar ruhi ne a aƙidar Buda, daga duniyar sha'awa zuwa ta siffa zuwa wadda ba ta da siffa. Ko mutum bai san wannan bayani ba, jikinsa zai gaya masa cewa an fito da shi daga ƙunci zuwa fili. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗauki hoto bai ga abin da magina suka nufa ba.

Nan matsalar take. A mafi yawan wuraren tarihi ana iya ja wa baƙi igiya a ce su tsaya daga nan su kalla, wurin bai rasa komai ba. Borobudur kuwa an yi shi ne don a taka shi, takun kuma shi ke cinye shi. Dutsen da aka yi amfani da shi na aman wuta ne, yana da ƙananan kofofi, ba ya jure gugar takalmi mai tauri, balle idan akwai yashi a ƙasansa. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Wanda ya sunkuya ya dubi bakin matakala zai ga kaifinsa ya tafi, tsakiyar wasu duwatsun ta lotsa kamar tsohon dutsen niƙa. Ga masu zama a kan ƙubba, ga masu liƙa cingam, ga wani camfi da ya daɗe, Kunto Bimo, wai wanda ya zura hannu ta hudar wata ƙubba ya taɓa mutum-mutumin da ke ciki buƙatarsa za ta biya. Mabiya Buda da kansu sun ce ba ya cikin addininsu, amma shekara da shekaru mutane na ɗare ƙubbar suna miƙa hannu har sai da aka hana.

Upanat ɗin ma daga jikin ginin aka samo samfurinsa. A 1885 wani Bature ɗan Holan mai suna Yzerman ya gano cewa a bayan katangar gindi akwai wani jerin alluna 160 da magina suka binne da kansu, masu nuna aiki da sakamakonsa: mai gulma, mai kisa, mai sadaka, da abin da kowanne ya girba. An ɗauki hotonsu tsakanin 1890 da 1891 aka mayar da katangar, kusurwa ɗaya kawai aka bari a buɗe. A ɗaya daga allunan ne aka ga ana miƙa kyautar takalmi, shi aka kwaikwaya. Wani zanen kuma ya taɓa isowa har kusa da mu. Akwai hoton jirgin ruwa mai filafilai a bangon. Aka ƙera irinsa da katako, ya tashi daga Jakarta a 2003, ya bi ta Madagaska da ƙurewar kudancin Afirka, ya iso gaɓar Ghana a farkon 2004, don a gwada cewa mutanen wancan zamani za su iya irin wannan tafiya.

Ana yawan cewa zuwan Musulunci ne ya sa aka yi watsi da Borobudur. Lissafin shekaru bai goyi bayan maganar sosai ba. Tun ƙarni na 10 cibiyar mulkin Jawa ta tashi daga wannan yanki ta koma gabashin tsibirin, kuma ana danganta ƙaurar da aman duwatsu da sauyin hanyoyin ciniki. Musulunci bai kafu a Jawa ba sai wajen ƙarni na 15. Wato ginin ya rasa sarakunan da ke ɗaukar nauyinsa ɗaruruwan shekaru kafin a ji kiran salla a kwarin. Abin da sauyin addini ya yi shi ne ya raba mutanen wurin da ma'anar zanen. Ba su manta da tudun ba, sai dai ya koma musu wurin da ake shakka, har ana cewa ɗan sarkin da ya je can ba ya wanyewa lafiya.

A 1814, lokacin ɗan gajeren mulkin Ingila a Jawa, labarin tudun ya kai kunnen gwamna Thomas Stamford Raffles. Ya tura wani injiniya, Cornelius, da mutum 200 suka yi ta sare itatuwa da kwashe ƙasa. Littattafan Turawa sun ce an gano Borobudur, alhali mutanen ƙauye ne suka nuna hanya. Tonowar kuma ba alheri zalla ba ce, don ƙasar da ta rufe shi ita ke kare shi. Da ya fito fili sai ruwan sama da ɓarayi suka samu shiga. An sassare kawunan mutum-mutumi da yawa, wasu suna gidajen tarihi na Turai har yau, shi ya sa cikin guda 504 da ke wurin za ka ga da dama ba kai. A 1896 Sarki Chulalongkorn na Siyam, wato Tailan ta yanzu, ya kawo ziyara, hukumar mulkin mallaka ta Holan ta bar shi ya tafi da sassaƙe-sassaƙe cike da amalanke takwas. Gyara na farko, wanda Theodoor van Erp ya jagoranta daga 1907 zuwa 1911, ya tayar da hawan sama da suka rushe, amma bai magance babbar cutar ba: ruwa yana shiga cikin tudun, ƙasa na zamewa, bangaye na karkacewa.

Sai bayan samun 'yancin kai aka yi aikin da ya ceci ginin. Daga 1975 zuwa 1982 gwamnatin Indonesiya da UNESCO, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Soekmono, suka kwance hawan ƙasa dutse bayan dutse, sama da miliyan ɗaya, aka sa wa kowanne lamba, aka wanke, aka zuba kankare da bututun magudanar ruwa a ciki, sannan aka mayar da kowane dutse gurbinsa. A 1991 aka sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya. Ko a 2010 da Merapi ya yi aman da tokarsa ta lulluɓe ginin, sai da aka ɗaga duwatsun daɓe sama da 55,000 don a yashe magudanun da suka toshe. Yawancin hannayen da suka yi waɗannan ayyuka na Musulmin yankin ne.

Wannan babban gyara shi ne kuma mafarin rikicin yau. Gwamnatin Suharto ta ga dama ce ta samun kuɗin baƙi, sai aka tsara a kewaye ginin da lambun shaƙatawa. Ƙauyukan da ke manne da tudun aka tashe su a farkon shekarun 1980, ɗaruruwan iyalai suka bar gidaje da gonaki da kasuwarsu, da yawa ba da son ransu ba, a zamanin da musu da hukuma ke iya kai mutum gidan yari. Daga nan aka raba wurin gida uku. Ginin kansa aka sa a hannun ma'aikatan adana kayan tarihi na gwamnatin tarayya. Lambun da ke kewaye, da ƙofar shiga da tikiti, aka ba wani kamfanin gwamnati da aka kafa a 1980. Abin da ke bayan shinge kuma aka bar wa hukumar Magelang. Na farko aikinsu rage ƙafa, na biyu ribarsu yawan ƙafa, na uku su ke fama da cunkoso da shara da koke-koken talakawa. Kowa da inda ya sa gaba. A wannan rabo ba a ware wa mabiya Buda komai ba, haka ma mutanen da aka tasa.

Dalilin barin mabiya Buda a baya ba ɓoyayye ba ne. Ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, mutum miliyan 2 ne ko kusa da haka, a ƙasar da kusan kashi 87 cikin 100 Musulmi ne. Hukuma ta daɗe tana ɗaukar Borobudur a matsayin gini na tarihi wanda ibadarsa ta mutu, gadon kakanni na kowa da kowa. Amma ibadar ta farfaɗo. A 1953 aka yi babban bikin Waisak na farko a wurin bayan samun 'yancin kai, bikin tunawa da haihuwar Buda da wayewarsa da rasuwarsa, wanda ake yi daren cikar wata a Mayu ko Yuni, kuma a 1983 ya zama ranar hutu ta ƙasa. Ana ɗebo ruwa daga maɓuɓɓugar Umbul Jumprit, a kunno wuta daga Mrapen, a taru a ƙaramin haikalin Mendut, a taka kilomita 3 a bi ta Pawon zuwa Borobudur, haikalai uku da ke kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Da dare a saki dubban fitilun takarda sama. Fitilun nan yanzu su ne hoton tallan yawon buɗe ido, ana sayar da tikitinsu, kuma 'yan kallo sukan fi masu ibada yawa. Sai a watan Fabrairun 2022 ma'aikatu huɗu da gwamnatocin larduna biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta amince a hukumance cewa ana iya amfani da Borobudur don ibada.

Wata huɗu bayan haka sai ga wata sanarwa da ta tayar da ƙura. A farkon Yunin 2022 babban minista Luhut Binsar Pandjaitan ya ce za a ƙayyade masu hawa zuwa 1,200 a rana, ɗan ƙasa zai biya rupiya 750,000, baƙo dala 100, ɗalibai kuma rupiya 5,000. Tikitin shiga lambu na ɗan ƙasa a lokacin rupiya 50,000 ne. Mafi ƙarancin albashi a lardin Jawa ta Tsakiya a wannan shekara bai kai rupiya miliyan 2 a wata ba, ke nan leburan da ke hango ƙubbar daga ƙofar gidansa sai ya ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa kafin ya hau shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya. Malaman Buda suka ce mabiyansu a ƙauyukan Jawa manoma ne talakawa, wannan farashi zai mayar da ibadarsu ta masu hali. 'Yan tireda da masu masauki suka ji tsoron baƙi za su ɗauke ƙafa. Cikin kwanaki kaɗan gwamnan lardin, Ganjar Pranowo, ya nemi a dakata, kafin watan ya ƙare Shugaba Joko Widodo ya soke ƙarin. Adadin dai ya tsaya, da sharaɗin ɗan jagora da upanat, kuɗin hawa kuma ya sauko nesa da wancan.

A ganina an yi daidai a duka biyun, da tsayar da adadi da janye farashin. Wanda ya ce a bar kowa ya hau kamar da, yana ba jikokinsa tudun duwatsu masu santsi ne. Amma idan abu ya yi ƙaranci hanyar raba shi ba ɗaya ba ce. Ana iya rabawa da kuɗi, ana iya rabawa da layi, ana iya ware wa kowane rukuni kasonsa. Mutanen Indonesiya sun fi kowa sanin wannan, don kujerun Hajjinsu sun haura 200,000 a shekara amma a wasu larduna maniyyaci yana jiran shekaru 20 zuwa 30 ko fiye kafin layi ya zo kansa. Suna haƙuri da jiran saboda talaka da ya yi rajista ya san sunansa na matsowa. Ba ina daidaita Hajji da ziyarar Borobudur ba ne, tsarin rabon nake nuni da shi. Farashi shi ne hanya mafi sauƙi ga hukuma, kuma shi ne ke fara tankaɗe mutum biyu da suka fi kowa haƙƙi a wurin: wanda ya zo ibada da wanda aka tashi kakansa. Har tsarin yanzu ma bai kuɓuta ba, tunda ta intanet ake sayen gurbi, kuma kamfanonin yawon buɗe ido sun fi tsohuwar ƙauye saurin yatsa.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu Musulmi kai tsaye, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A daren 21 ga Janairun 1985 bama-bamai suka tashi a saman Borobudur suka lalata ƙubbobi tara, shekara biyu kacal da bikin kammala gyara. Waɗanda kotu ta kama da laifi Musulmi ne, kuma an danganta harin da fushin kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a unguwar Tanjung Priok ta Jakarta a 1984. Zaluncin gaskiya ne, amma wanda ya yi shi yana Jakarta, ba a kan tudun ba. A Satumbar 2017, da kisan Musulmin Rohingya ya tsananta a Myanmar, wasu ƙungiyoyi suka shirya kewaye Borobudur don nuna fushi. 'Yan sanda suka hana, aka mayar da taron wani masallaci a Magelang aka yi addu'a aka tara gudummawa. Na ga hikima a wannan. Manomin Jawa mai bin Buda ba shi ya ƙona ƙauyukan Rohingya a jihar Rakhine ba, kuma mun san zafin a kama mu da laifin wani don kawai addininmu ɗaya. Wasu kuma ta wata hanya suka ɓullo, suka ce ai Annabi Sulaiman (AS) ne ya gina wurin da taimakon aljannu. Maganar ta samu karɓuwa a wasu majalisu, amma ba ta da tushe: tsakanin zamaninsa da ginin akwai shekaru kusan 1,800, kuma abin da ke sassaƙe a bango rayuwar Buda ce ƙarara. Mutum ba ya buƙatar ya ƙwace abu kafin ya riƙe shi amana.

Riƙon amanar kuwa an gan shi a 2023. Malaman Buda masu zuhudu 32, waɗanda ake kira bikku, suka taso daga kudancin Tailan a watan Maris, suka ratsa Malesiya da Singafo, mafi yawan tafiyar a ƙasa, suka bi gaɓar arewacin Jawa har suka iso Borobudur a farkon Yuni gab da Waisak. Sau ɗaya ko biyu suke cin abinci a yini, kuma ba sa ci bayan rana ta take. A garuruwan da suka ratsa mutane suka yi ta jeruwa a bakin titi, mata da hijabi suna miƙa ruwan gora da ayaba, 'yan makaranta suna ɗaga hannu, matasan ƙungiyar Musulmi ta Nahdlatul Ulama suna yi musu rakiya. Shekarar da ta biyo baya wani ayarin ya huta a barandar wani masallaci a yankin Temanggung, sai muhawara ta tashi tsakanin malamai: wasu suka ce karɓar baƙo ne, wasu suka ce an wuce iyaka, a tarbe su a wani wuri amma ba a masallaci ba. Muhawara ce ta mutanen da suka yarda a kyautata wa baƙon, suna saɓani ne a kan inda za a shimfiɗa masa tabarma.

Su kansu masu son ginin ba bakinsu ɗaya ba, kuma babu inda wannan ya fito kamar batun chattra, wato wata laima ta dutse mai hawa-hawa da ake ɗorawa a ƙolin ƙubba. Van Erp ya taɓa harhaɗa ta ya ɗora a kan babbar ƙubbar, sai ya ga duwatsun asali da ya samu sun yi kaɗan, sauran duk cikon zato ne, ya sauke ta da kansa. Ma'aikatar harkokin addini da wasu shugabannin mabiya Buda suka ce ƙubba ba laima kamar sarki ne ba rawani, a mayar da ita don ibada ta cika kuma masu ziyara daga ƙasashen Buda su ƙaru. Masana tarihi suka ce ba wanda ya tabbatar da siffarta ta asali, ɗora ta ƙirƙira ce, ga nauyi ga haɗarin tsawa da girgizar ƙasa. Wasu mabiya Buda ma suka goyi bayan masanan. An sa ranar ɗorawa a Satumbar 2024, sai aka ɗage.

A Mayun 2025 kuma, gab da ziyarar Shugaban Faransa Emmanuel Macron tare da Shugaba Prabowo Subianto, sai ga hotunan wata kujera mai hawa da lantarki an shimfiɗa mata dogo a kan matakala. Jama'a suka yi ca. Gwamnati ta ce ba a huda dutse ko ɗaya ba, ɗorawa kawai aka yi, kuma za ta amfani tsofaffi da naƙasassu. Hujjar tana da ƙarfi, don matakalar Borobudur a tsaye take, kuma akwai bikku masu shekaru 70 da 80 da suka yi rayuwarsu suna koyar da abin da ke sassaƙe a can sama amma gwiwa ta hana su kai wa. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne tsofaffin nan sun daɗe da wannan buƙata, ba a ga kujerar ba sai da babban baƙo zai zo.

A 2024 an sake taɓa mutanen bayan shinge. 'Yan tireda kusan 2,000 da suka shekara da shekaru suna sayar da riguna da kayan tsaraba da abinci a cikin lambun aka kwashe su zuwa wata sabuwar kasuwa a Kujon, can gefe, inda aka mayar da tashar motocin baƙi. Kasuwar tana da tsabta da tsari, kuma ba wanda zai yi kewar yadda a da ake tilasta wa mai fita ya ratsa dogon lungun rumfuna ana jan rigarsa. Sai dai wasu sun yi ta zanga-zanga cewa ba su samu rumfa ba, wasu da suka samu suna kukan ciniki ya ja baya. Cikinsu akwai 'ya'ya da jikokin waɗanda aka tasa a shekarun 1980. Sana'a ɗaya da tsarin ya buɗe musu ita ce saƙar upanat, domin a ƙauyukan kewaye ake yin su, kuma kowane mai hawa da nasa yake tafiya gida, gobe sai an kawo sababbi.